Taron masu barin giya a Legas: abin da yake bayarwa da inda ya gaza

Mutum ya yanke shawarar rabuwa da giya, abu na farko da yakan tambaya shi ne kuɗin kwanciya a asibiti. Da ya ji adadin sai jikinsa ya yi sanyi, ya koma ɗaki ya ci gaba da alwashin da ya saba yi kowace asuba, ya karya shi kafin isha'i. Kaɗan ne daga cikin mutanenmu na Agege, Idi-Araba, Mil 12, Obalende da Alaba Rago suka san cewa a cikin garin nan akwai zaman da masu wannan jarrabawa suke yi a junansu, babu kuɗin shiga, babu kati, babu mai tambayar sunan mahaifinka. Wannan zaman muka auna a nan kamar yadda ake auna kowace hidima: me ake samu, nawa yake ci, ina yake da ƙarfi, ina kuma yake barin Bahaushe a baya.

Hukuncinmu tun farko shi ne a je. Zaman yana riƙe mutum ya ɗore a kan barin da ya yi, kuma a nan ne mafi yawan masu ƙoƙari suke faɗuwa. Amma taron ba asibiti ba ne, kuma wanda giya ta riga ta kama jikinsa zai iya halaka idan ya ɗauke shi a matsayin asibiti.

Mafi shahara a irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa da AA. An kafa ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, lokacin da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da wani likitan tiyata Bob Smith, suka lura cewa hirar da suke yi da juna ta hana su sha fiye da duk nasihar da aka taɓa yi musu. A 1939 suka fitar da littafin da ya ƙunshi matakai 12 da ake bi har yau. Sharaɗin zama ɗan ƙungiya ɗaya ne tak: mutum ya kasance yana son daina sha. Ko da jiya ya sha, ko da safiyar yau, ba a korarsa muddin bai tayar da hankalin zama ba. Daga gare ta aka samu Al-Anon a 1951 domin iyalan mashaya, da Narcotics Anonymous a 1953 domin masu fama da ƙwaya da sauran kayan maye. Akwai kuma SMART Recovery, wadda ta fara a 1994, ba ta maganar addini ko kaɗan, ta dogara ne ga dabarun sarrafa tunani da sha'awa.

Ga yadda zaman AA yakan kasance. Ɗaki ne da aka ara, kujerun roba a zagaye, fanka tana kaɗawa idan akwai wuta. Awa ɗaya ne, wani lokaci awa ɗaya da rabi. Mai jagorancin ranar shi ma mai fama ne kamar kowa, ba a biyansa. Za a karanta gabatarwa da matakan, a tambayi ko akwai baƙo, sannan a fara magana ɗaya bayan ɗaya, kowa minti uku zuwa biyar. Mutum ya faɗi sunansa na farko kawai, ya ce shi mashayi ne, ya faɗi abin da ke ransa. Dokar da ta fi burge mu ita ce ba a katse mai magana, ba a mayar masa da martani, ba a yi masa wa'azi. Kowa labarin kansa yake bayarwa. Ka dubi baƙon da ya zo ranar farko: ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa, ya riƙe kofin shayi da hannu biyu domin kada a ga yana karkarwa, idonsa a ƙasa. Sai wani dattijo mai shiga ta kamala ya fara bayanin yadda yake ɓoye kwalba a tankin bayan gida, yadda yake tauna goro da kanumfari kafin ya shiga wurin matarsa. A nan za ka ga baƙon ya ɗago kai. Abin da ya shekara goma yana zaton shi kaɗai ya sani, ga wani yana faɗinsa a fili kuma ba wanda ya yi tsaki. Wannan ɗago kan shi ne ainihin hajar da taron yake bayarwa. Idan layi ya zo kanka kuma ba ka shirya ba, ka ce yau saurare ka zo yi, an wuce wurin. Kusa da tashi za a zagaya da ƙaramin kwando ko ambulan, mai hali ya jefa abin da ya sawwaƙa domin kuɗin ɗaki da shayi. Ƙungiyar ba ta karɓar gudummawa daga waje, kuma baƙo ba a sa ran ya ba da komai.

Zama iri biyu ne, kuma ya kamata a tambaya kafin a tafi. Buɗaɗɗe, kowa zai iya zuwa, har matar mutum ko yayansa ko ɗalibin likita. Rufaffe kuwa na masu matsalar sha ne kawai. Wanda yake jin nauyin zuwa shi kaɗai ya fara da buɗaɗɗe tare da wanda ya yarda da shi.

Shin yana aiki? A 2020 cibiyar Cochrane, wadda ke tattara binciken lafiya tana tacewa, ta duba bincike 27 da suka shafi mutum sama da 10,000, ta gano cewa shirye-shiryen da ke shigar da mutane AA bisa tsari sun kai sauran hanyoyin jinya na zance, har sun fi su wajen sa mutum ya daina gaba ɗaya ya kuma ɗore. Galibin binciken a Amurka aka yi shi, kuma bai ce kowa zai warke ba. Duk da haka, abin da ba a biya ko kwabo ya yi kafaɗa da jinyar da ake biya, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tura baro ko mai gadi.

Yanzu ga gargaɗin da muke so a karanta sau biyu. Idan kana sha kullum, idan da safe hannunka yana rawa sai ka kurɓa ya tsaya, idan kana tashi cikin dare da gumi da faɗuwar gaba, ko ka taɓa yin jijjiga bayan ka daina, to kada ka yanke sha lokaci guda a ɗakinka. Dalili kuwa, giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar da ta saba da dannewar takan ƙara wa kanta ƙarfi domin ta daidaita. Ranar da aka janye giyar kwatsam, sai ta zama kamar mota an saki birki a gangare. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, karkarwa, gumi, tashin zuciya da rashin barci suke farawa. Tsakanin awa 12 zuwa 48 ne aka fi samun jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma ake fargabar ruɗewa mai tsanani: zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, mutum bai san inda yake ba, yana ganin ƙwari ko macizai a bango. A unguwa sai a ce iska ce ko sammu, a rufe shi a ɗaki ana hayaƙi. Wannan hali yana kisa, kuma maganinsa sananne ne a asibiti: ana ba da magungunan kwantar da jijiya irin su diazepam bisa awo ana ragewa cikin kwanaki, da ruwa, da bitamin B1 domin kare ƙwaƙwalwa daga lalacewar da ba ta gyaruwa. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a hanyar asibiti. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

Mun san lokacin da wannan ya fi faruwa a cikin jama'armu: farkon azumi. Mutum ya sha har daren ganin wata, ya wayi gari ya yanke da kyakkyawar niyya, ga ƙishirwa ga rana, kwana biyu ya faɗi a kasuwa. Wanda yake da niyyar barin giya domin Ramadan ya ga likita tun cikin Sha'aban.

Ta yaya mutum zai san matakin da yake? Da lissafi, domin kowane mashayi yana rage adadi idan an tambaye shi. Kwalbar giya babba mai santilita 60 da ƙarfin kashi 5 tana ɗauke da kusan giram 24 na tsantsar barasa. Baƙar giya mai kashi 7.5 a irin wannan kwalba ta kai giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar giram 60 a zama ɗaya a matsayin sha mai nauyi, wato kwalba uku ta riga ta wuce. Ƙananan ledoji da ake sayarwa a tasha sun fi yaudara, domin ƙarfinsu yakan kai kashi 40, mililita 30 kawai ta kusa giram 10, kuma ba wanda yake ƙirga su. NAFDAC ta sanar da hana giyar leda da ta ƙananan robobi ƙasa da mililita 200 a 2024, an yi ta ja-in-ja a kai. Haka jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a bakin tasha da sunan maganin basir ko ciwon baya, wanda ake kira paraga: saiwoyi ne a cikin ogogoro, wato barasar gida mai ƙarfi, kuma direbobi da yawa da za su rantse ba su taɓa shan giya ba sun kamu ta nan. Akwai tambayoyi 10 na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira AUDIT, minti biyar ake cika su. Maki 8 zuwa sama alamar haɗari ce, 20 zuwa sama kuwa sai an ga ƙwararre.

Inda za a nufa a nan: Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba yana da sashen masu fama da shaye-shaye. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, wanda yake a bakin ƙofar ɗimbin Hausawa, da na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja duk suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda yake son nesa da idon sani, akwai asibitin Aro a Abeokuta. Mun san da an ce Yaba sai mutum ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Likitocin da suka san janyewar giya a can suke, kuma ba kowa ake kwantarwa ba, wasu ana duba su su koma gida.

To, neman taron kansa. A nan hidimar ta fara nuna rauninta. Tarukan AA a Legas ba su da yawa idan aka kwatanta da girman garin, ba su da allo a bakin titi, kuma masu sa-kai ne suke gudanar da su, saboda haka jadawalin da ke intanet yakan tsufa. An canja ɗaki, an koma Zoom, mai riƙe da makulli ya bar gari, shafin kuwa yana nan da bayanin shekarun baya. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a tambayi ma'aikacin jin daɗin jama'a ko masanin halayyar ɗan Adam a sashen shaye-shaye na asibiti, domin su suke tura majinyata kuma sun san wane zama ne yake raye. Ta biyu, a nema a intanet da sunan ƙungiyar da sunan Legas, a duba babban shafinta na aa.org. Hukumar NDLEA ma tana da layin kira kyauta na masu neman shawara kan shaye-shaye tun 2022. Kowace hanya ka bi, kada ka hau mota sai ka yi magana da mutum a ranar. Ka tambaye shi abu huɗu: yau za a zauna, ƙarfe nawa, buɗaɗɗe ne ko rufaffe, kuma me zan ce wa mai gadi a ƙofa. Ta ƙarshen tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Mutane da dama sun isa har bakin get, mai gadi ya ce wa kake nema, kunya ta hana su amsa, suka juya.

Kuɗin shiga babu, amma Legas tana karɓar nata a hanya. Wanda zai taso daga Agege zuwa tsibirin Legas da yamma ya san awa biyu ba komai ba ce a cunkoso, dawowa kuma dare ya yi, ga mashaya a kowace kwana tsakanin tasha da gida. Wannan dawowar ita ce wurin haɗari, musamman ranar da zaman ya tono wa mutum abin da ke ransa. A zaɓi taron da ya fi kusa ko da bai fi daɗi ba, a ci abinci kafin a fita, a riƙe kuɗin mota daidai ba ƙari. Jirgin ƙasa na Jan Layi da ya fara aiki a 2024 ya sauƙaƙa wa mutanen Agege zuwa Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, da katin Cowry ake shiga, sai dai a duba lokacin jirgin ƙarshe. 'Yan AA suna da shawarar da suke ba sabon shiga, zama 90 a kwana 90. Ba doka ba ce, kuma ga mai shago ko mai aikin kwana a Legas ba za ta yiwu ido da ido ba. Abin da yake yiwuwa: zama ɗaya ko biyu a mako da ƙafa, sauran ta waya.

Rauni na biyu harshe ne. Da Turanci ake yin zaman, wani lokaci a gauraya da Burokin. Ɗan boko ba shi da matsala. Amma mahaucin da ke Oko-Oba ko direban tirela da ke kwana a Apapa, wanda Turancinsa na ciniki ne, zai iya cewa nawa ne, ba zai iya faɗin abin da ya ji ranar da ɗansa ya tsince shi a kwata ba. Zaman kuwa gaba ɗayansa a kan irin wannan magana aka gina shi. A nan mun rage wa hidimar maki sosai. Dabara ita ce mutum biyu masu jin Hausa su riƙa zuwa tare, wanda ya fi jin Turanci ya fassara wa ɗayan a hanyar dawowa. Kuma ba laifi ba ne ka yi maganarka da Burokin, ba wanda ya zo gyara nahawu.

Sai batun addini, wanda shi ne tambayar farko da Musulmi yake yi. Sau da yawa ɗakin da ake ara na coci ne ko na wata cibiya mai alaƙa da coci, saboda su suke ba da wuri da araha. Ƙa'idar AA ita ce ba ta jingina da kowane addini ko ɗarika, haya kawai take yi. Matakan suna maganar miƙa lamari ga Ubangiji gwargwadon yadda mutum ya san Shi, kuma Musulmi da ya karanta zai ga abubuwan da ya sani: amincewa da gazawa, tawakkali, yi wa kai hisabi, tuba, mayar da haƙƙin mutane. Mataki na takwas da na tara, wato rubuta sunayen waɗanda ka cuta da zuwa ka biya su ko ka nemi yafiya, daidai suke da sharaɗin tuba da malamai suke karantarwa. Duk da haka asalin ƙungiyar a cikin Kiristocin Amurka yake, kuma wasu rukunoni suna rufe zama da addu'ar Kirista, a tsaye, hannu cikin hannu. Ba dole ba ne. Ka tsaya shiru ka yi taka a zuci, ko ka fita kafin a fara. Idan wani rukuni ya mai da zaman wurin jan mutane zuwa cocinsa, ya saɓa wa ƙa'idar ƙungiyar, ka nemi wani. Ga Hausawa Kirista wannan duk ba matsala ba ce, sai ta harshe.

Inda aka fi samun tirjiya shi ne mataki na biyar, wanda ya ce mutum ya faɗa wa wani mutum ɗaya ainihin laifuffukansa. Mai ilimi zai ce an hana bayyana zunubin da Allah Ya rufa. Gaskiya ne, kuma muna ganin ya kamata a ɗauki wannan da muhimmanci. Fahimtarmu ita ce akwai bambanci tsakanin mai tallata saɓo yana alfahari da mai faɗa wa likita ciwonsa domin neman magani. Matakin bai ce a faɗa a gaban taro ba, mutum ɗaya ya ce, kuma kai za ka zaɓe shi. Zai iya zama malamin da ka amince da riƙon sirrinsa. Musulmin Amurka da suka ji irin wannan nauyi sun kafa Millati Islami a Baltimore a 1989, suka sake tsara matakan bisa Alƙur'ani da hadisi, suna kuma yin zama ta intanet da Turanci. Ya kamata limamanmu su tuna cewa hanin giya mataki-mataki ya sauka, daga aya ta 219 a Baƙara, zuwa ta 43 a Nisa'i, zuwa ta 90 a Ma'ida. Kuma a Bukhari akwai mutumin da aka sha kawowa saboda sha, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da ManzonSa. Mai shan da ke sahun baya a masallacin unguwa bai taɓa jin wannan daga mumbari ba, shi ya sa yake ɓuya har hanta ta kumbura.

Rufin asiri shi ne ginshiƙin zaman: ba rajista, ba hoto, abin da aka ji a ɗaki a bar shi a ɗaki. Sai dai alkawari ne na mutunci, ba irin sirrin likita da doka ta ɗaure ba. Kada ka faɗi abin da zai kai ka kotu, kada ka ambaci sunan maigidanka ko layin shagonka. Zango kuwa ƙaramin gari ne, labari yana isa Kano kafin motar dare. Saboda haka wasu suke gwammace taron da ke nesa da unguwarsu, kuma muna ganin uzurinsu. Idan ka haɗu da wanda ka sani a ciki, ka tuna abin da ya kawo ka shi ya kawo shi.

Mata sun fi kowa shan wahala a nan. Namiji mashayi ana cewa Allah Ya shirye shi, mace kuwa aurenta da 'ya'yanta ne a kan layi, ga shi yawancin kujerun maza ne. 'Yar'uwa, idan ke ce, ki fara da zaman mata zalla ta intanet, akwai su da yawa, ki rufe kyamara, ki sa sunan da kika ga dama. Idan kika je ido da ido, lambar mata kawai za ki karɓa.

Wannan ya kawo mu ga jagora, wanda a zaman suke kira sifonsa: wanda ya daɗe da bari, ya bi matakan, kake kiransa kullum, musamman lokacin da sha'awa ta taso. Al'ada ita ce namiji ya riƙe namiji, mace ta riƙe mace, kuma a nemi wanda ya shekara aƙalla ɗaya bai sha ba. Kada ka zaɓa ranar farko. Ka saurari mutane zama huɗu ko biyar, ka duba wanda rayuwarsa ta daidaita, ba wanda ya fi iya baki ba. Abubuwan da suke ɓata wannan alaƙa sanannu ne: rance, haɗa kasuwanci, neman mata, da jagoran da ya mai da kansa likita. Duk wanda ya ce ka ajiye maganin da likita ya rubuta maka, na damuwa ne ko na farfaɗiya ko na rage sha'awar giya, shi za ka ajiye, ba maganin ba. Ƙungiyar kanta ba ta ba kowa wannan izini ba.

Magungunan suna nan kuma suna tafiya tare da zaman. Naltrexone yana rage daɗin da ake ji da sha'awar, amma ba a haɗa shi da tramadol ko kodin, zai jefa mai shansu cikin azabar janyewa nan take, don haka a gaya wa likita gaskiyar duk abin da ake sha. Acamprosate yana taimaka wa wanda ya riga ya daina ya ɗore. Disulfiram kuwa yana sa jiki ya yi mummunan tashi idan barasa ta shiga, ko da ta cikin jiƙon gargajiya ce. Kuskuren da ya fi yawa a wurin mutanenmu shi ne musanya: a bar kwalba a koma ƙwaya daga kemis, saboda ita ba ta wari kuma ana shiga sahu da ita. An canja ɗaki ne a gida ɗaya. Mai haɗa giya da ƙwaya zai fi samun kansa a zaman Narcotics Anonymous, inda ake ɗaukar giya a matsayin ɗaya daga cikin kayan maye.

Zaman intanet ya cike giɓi babba. A shafin aa-intergroup.org akwai jerin taruka kusan kowace awa, dare da rana, abin da ya dace da mai gadi da ke farke ƙarfe uku na dare. A kashe bidiyo, murya kaɗai ba ta cin data sosai. A sa abin kunne, domin ɗakin haya a Legas bango ne na kwali. A lura da agogo: Landan daidai take da Legas daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana baya da awa ɗaya, New York kuwa tana baya da awa 5 ko 6. Rauninsa shi ne da an kashe waya ka koma kai kaɗai, ba wanda zai taka maka zuwa tasha, kuma Ba'amurke bai san abin da ake nufi da a ce abokan zama a majalisa sun miƙo maka leda ba.

Komawa ruwa yana faruwa, kuma a nan zaman ya fi gida tausayi: ka dawo, ka faɗa, a sake ƙirga kwanaki daga ɗaya. Tsofaffin 'yan zaman suna cewa a kula da abu huɗu, yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Mu ƙara na biyar na Legas: ranar da kuɗi suka shigo hannu. Sha'awa takan taso ta yi ƙarfi ta sauka, sau da yawa cikin rabin awa, saboda haka a kira jagora kafin a sha, ba bayan an sha ba. Wanda ya yi watanni bai sha ba kuma jikinsa ya daina jure adadin da, idan ya koma da tsohon awo zai iya wuce gona da iri a dare ɗaya.

Iyali su ma suna da nasu zaman a Al-Anon, galibi ta intanet. Abin da ake koyo a can mai ɗaci ne amma gaskiya: ba ke kika jawo ba, Hajiya, ba kuma ke za ki warkar ba, kuma biyan bashin mashaya da yi masa ƙarya a wurin aiki tsawaita ciwon suke yi. Roƙonmu ga iyaye da yayye shi ne kada a ɗaure mutum a tura shi gidan mari. Abin da 'yan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019 ya isa ishara, kuma sarƙa ba ta maganin jijjigar janyewa. Duk cibiyar da aka ce ta gyaran hali ce, a tambaya ko akwai likita da nas, a ga ɗakin kwana da ido, a tabbatar ana barin ziyara.

Giɓin harshe kuwa mu ne za mu cike shi. Ƙa'idar AA ta ce mashaya biyu ko uku da suka taru domin barin sha za su iya kiran kansu rukuni, muddin ba su jingina da wata ƙungiya ba. Abin da ake buƙata kaɗan ne: mutum biyu masu jin Hausa da suka yi wata shida zuwa shekara suna halartar wani zama kuma ba su sha ba, ɗaki mai ƙofa wanda shigarsa ba ta jawo tambaya, kamar ajin makaranta bayan an tashi, rana ɗaya da lokaci ɗaya da ba a canjawa, tsakanin la'asar da magariba ko bayan isha'i, da lambar waya ɗaya da ake ɗauka. Littafin ƙungiyar yana da fassarar Larabci ga wanda ya yi allo da littattafai ya fi sakewa da ita. Kada mai unguwa ko liman ko ɗan siyasa ya zauna a ciki idan ba shi ma mai fama ba ne, domin da babba ya shigo bakin kowa zai mutu. A kai wa sashen shaye-shaye na Yaba da na LUTH lambar, su san inda za su tura mai jin Hausa idan sun sallame shi. Makonnin farko mai yiwuwa ku biyu ne kawai za ku zauna da fulas ɗin shayi. Ku buɗe ƙofa a kan lokaci, ku cika awar.